Buzun Mijin Yaya

Ni baduku ne, ɗan baduku, kuma a nan unguwar Sankilo aka yanke min cibiya. Mahaifina da takalma da kuben wuƙa ya fara, amma abin da ya riƙe gidanmu daga baya fata mai gashi ce. A jeme ta ba a tuje gashin ba, a yi mata shafi da yadi ta baya, a ɗinka mata zobba, mai ita ya kai gida ya rataye a bango. Rumfata tana wani lungu a bayan titin Koudoukou, inda ƙarar moto, wato babur, ba ta hana mutum jin maganar kansa.

Zan faɗi halina tun da wuri, don kada mai karatu ya ɗauke ni mutumin kirki. Ni mutum ne mai raini. Shekara da shekaru ina ci daga hannun mutanen da ban ɗauke su a bakin komai ba. Turawa, waɗanda 'yan gari ke ce wa munju, da manyan ma'aikata masu tumbi, su ne masu kawo min aiki. Mutum bai taɓa kwana a daji ba, ko kaza ya ga ana yankawa sai ya kau da kai, amma ya sayi fatar gwanki a hannun maharbi ya rataye a bayan kujerarsa, don baƙo ya shigo ya zaci shi ya harbo. Akwai wanda ya taɓa tambayata ko zan iya sa wa fatar saniya zane ta koma ta dabbar daji. Ina karɓar aikinsu da hannu biyu, ina cewa singila mingi, wato na gode ƙwarai da Sango, yaren gari, suna ba da baya ina jan tsaki. A wurina Allah ya yi fata don a zauna a kai, ko a taka, ko a ɗebi ruwa a ciki. Wanda ya rataye ta don kallo, ban ga abin da zai hana shi rataye tukunyar gidansa ba.

Na raina masu gyaran kujeru ma, waɗanda suka shigo sana'armu ta taga. Su aikinsu gam ne, wanda suke kira kol. Su lafta shi a bayan fata, su manna yadi, su hau kai da gwiwa, kafin la'asar sun gama. A garin da ruwa ba ya gajiya da zuba, bango yana gumi kamar mutum, fatar da aka toshe wa baya da gam ba ta shan iska. Damina ɗaya sai ta fara wari, gashin ya riƙa bin hannu. A kan waɗannan kam har gobe ban ga laifin rainina ba.

Mahaifina yana da wata al'ada da na watsar tun kafin a share makokinsa. Ba ya sa reza a fatar mutum sai ya zaunar da shi a kan benci, ya ji daga ina ta fito, a ina za a ajiye ta, me mai ita yake so ya riƙa gani in ya dube ta. Ni ina gefe ina ganin ɓata lokaci ne. Me munju zai gaya min a kan fata? Da rumfa ta dawo hannuna, bencin na mayar da shi wurin ajiye gishiri da bagaruwa.

Mijin yayata yana cikin waɗanda na raina, shi ma kuma bai rage min ba. Ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, kullum cikin farar riga da turare. In ya biyo ta wurina ba ya shigowa, daga bakin lungu yake tsayawa da hannun riga a hanci.

"Baduku, yau kuma wane mushe ka samo?"

"Wanda zai fi atamfarka daɗewa, Alhaji."

A haka muka yi zamanmu. Tun yana saurayi mota ta taɓa kaɗe shi, ƙafarsa ta dama ta warke a karkace, tana kallon waje. A zuciyata ban taɓa kiransa da wani suna ba sai mai ƙafar agwagwa. Allah ya yafe min, shi kuma ya jiƙansa.

A shekarun rikici gidansu na unguwar Miskine ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Suka tsallaka Kamaru, can ciwo ya kama shi, can aka binne shi, a wani gari na bakin iyaka da ban taɓa zuwa ba. Da abubuwa suka lafa Yaya ta dawo ta zauna wurin babban ɗanta a unguwar Kokoro. Ni ban fita ba, ina Sankilo aka yi komai aka gama. Wannan ma na mayar da shi dalilin raina waɗanda suka gudu, sai ka ce jarumta ce ta zaunar da ni, alhali wuri ne ban samu a mota ba.

Ɗan nata magidanci ne, da mata da 'ya'ya, yana aiki da wata ƙungiyar agaji, yana yawo a farar mota mai doguwar eriya. Hausarsa ba ta nisa, kalma biyu sai ya faɗa Sango, ya ɓullo ta Faransanci. Bai taɓa ce min Kawu ba, sai Tonto, irin na masu Faransanci.

Wata safiya ya shigo rumfa da wani abu naɗe a zanin uwarsa, ya kwance a kan teburina. Buzu ne na farin rago mai baƙin wuya, ya tsufa har farin ya koma launin shayi da madara. Na gane shi nan take. Na sha ganinsa a shimfiɗe a bayan kantin atamfa.

"Tonto, na Baba ne. Ana so ka yi masa bayan nan da kake yi, a sa shi a bangon falo."

"A bango?"

"E, a bango."

"Buzun salla? Sallar ce ta ƙare a gidanku, ko gwiwoyinku ne suka fi ƙarfin fata?"

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya saba da bakina. "Muna da darduma, Tonto."

"Na sani. Ta roba, irin wadda baƙin 'yan kasuwa ke jibgewa a bakin titi kamar buhunan albasa."

Na juya buzun ina dubawa. Bayansa ya bushe ƙamas, gefen ya tsage, asu ya ɗan taɓa wajen wuya. Can ƙasa kusa da wutsiya akwai sanƙo biyu gefe da gefe, inda gashi ya cinye sarai, fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi kamar tafin hannu. Na hagu a miƙe yake, na dama a karkace yana kallon waje. Ba zan ce ban san mene ne ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake salla ya san inda ƙafa ke tsayawa a buzu.

Ya kai yatsa kusa da wurin ya ce, "Tonto, nan wajen, Mama ta ce..."

"Uwarka ta taɓa riƙe basilla? Ko kai ka taɓa?"

"A'a, amma dai..."

"To ajiye ka koma wurin munjunka. Ba a koya min fata."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana Faransanci.

Abin da na saƙa a raina shi ne, ya shiga gidajen Turawa ya ga fatu a bango, shi ma yana son nasa. Ba shi da gwanki, sai ya tuna da ragon ubansa. To tunda ado ake so, ado zan ba su. Kuma ba za a rataye abu mai sanƙo kamar kan tsoho a falon mutane a ce daga rumfata ya fito ba.

Na ba buzun nan aikin da ban taɓa ba wani munju ba. Na share bayansa da tsumma mai danshi, na naɗe shi na bar shi har ya saki jiki, sannan na murje shi da man kaɗanya da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, don tsohuwar fata in ka cika mata mai sai ya ratso ya ɓata gashi. Na kife shi a kan katako, gashi a ƙasa, na riƙa jansa a hankali daga tsakiya zuwa gefe ina kafa ƙananan ƙusoshi a baki-baki, har gadon bayansa ya miƙe, hagu da dama suka daidaita. A inuwa ya bushe. Na ɗinke inda ya tsage.

Sannan na zo kan sanƙon. Fata mai gashi ta baya ake yanka ta, da reza, a ɗan ɗaga ta daga kan tebur don kada bakin rezar ya kai ga gashi. Almakashi ba ya zuwa kusa. Na zagaye na hagu na cire, na zagaye na dama na cire, na jefa su a kwandon guntaye da ke ƙarƙashin tebur. Na yini ina tona tsofaffin fatun ragunan layya har na sami wadda launinta ya zo ɗaya. Na yanko maho biyu, na tabbatar kwanciyar gashinsu ta bi ta wutsiya, na haɗa baki da baki da zare mai kakin zuma. Da na juya na taje, ni kaina sai da na laluba da yatsa kafin na gane inda ɗinkin yake. Na ji daɗi ƙwarai. Har na ce a raina, Alhaji, ga mai mushe ya gyara maka shimfiɗa.

Shafin kuwa hawa biyu na yi masa. Na shimfiɗa auduga marar kauri a bayan fatar, na ɗora yadi mai ƙarfi irin na katifa, na zagaye gefen da koren yadi da na yanka haƙori-haƙori, yana leƙowa kamar faɗin yatsa biyu daga ƙarƙashin gashi. Duka da hannu na ɗinka, allura tana bi tsakanin gashi ba ta danne shi ba. Ta ƙasa na bar 'yar kafa ba ɗinki, don iska ta riƙa shiga, a kuma riƙa tura kafur saboda asu. Zobban na tagulla ne, don baƙin ƙarfe yana tsatsa ya ci yadi. Ba a ɗinka zobe a jikin fatar, nauyi zai yaga ta. A jikin shafi ake kama shi, da siririn yankin fata marar gashi.

A cikin kwanakin ne wani munju da zai koma ƙasarsu ya matsa min a kan fatar gwankinsa. Ina cikin sauri na tura hannu a kwando, na zaro guntun da na ji ya fi ƙwari, na yanka shi siri-siri na kama zobbansa da shi. Ya zo ya ɗauka, ya hau jirgi.

Na kai buzun Kokoro da kaina, don ban yarda wani ya kafa wa aikina ƙusa ba. Falon kamar yadda na zata yake: kujeru sun fi ƙarfin ɗakin, talabijin kamar ƙyauren ƙofa, ga furen roba a kan tebur. Na ƙi bangon da ɗan ya nuna min, don ranar yamma tana dukansa ta taga, kuma bayansa banɗaki ne, yana jiƙa. Na zaɓi wanda ke kallon ƙofa. Na fara kafa siririn katako a bangon, ƙusoshin rataya a jikin katakon, don buzun ya ɗan ja da baya daga siminti ya sha iska. Wuya sama, wutsiya ƙasa, gashi ya kwanta yadda yake a jikin rago, ƙura ba ta samun wurin zama. Na ja da baya ina kaɗe hannu.

Ɗan ya ƙura wa buzun ido. Na zaci kyau ne ya ɗauke masa hankali. Ya leƙa tsakar gida ya kira uwarsa.

Yaya ta shigo tana goge hannu a zani. Ta girme ni nesa, ita ta goye ni, kuma ita kaɗai ce a duniya ban taɓa iya yi wa tsaki ba. Ta tsaya a gaban buzun. Ba ta dubi koren yadi ba, ba ta dubi wuyan da na taje ba. Ta kai hannu wajen wutsiya ta nutsa shi cikin gashi tana shafawa, hagu, dama, ta sake komawa hagu.

"Auta, wannan na wane ne?"

"Na Alhaji ne mana, Yaya. Gyara ya sha."

"Ina ƙafafunsa?"

Na shiga bayani a kan asu da sanƙo da yadda ake maho. Ta bar ni har na gama.

"Na aiko a gaya maka kada ka taɓa wurin."

Ɗan ya ce, "Na fara faɗa, Mama. Tonto ya ce ba a koya masa fata."

"Haka ya ce?" Ta zauna a hannun kujera. "Kai kana zaton yaron nan ne ya ce a rataye? Shi da ko kallon buzun ba ya iya yi. Ni na ce. Kwanaki wani baƙo ya zo daga Nijar, lokacin salla ya yi, aka rasa abin da za a shimfiɗa masa sai wannan. Ina daga bakin ƙofa na ga ya ɗora ƙafafunsa a wurin, ƙafafu lafiyayyu, miƙaƙƙu. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce a kai wa Auta ya ɗaga min shi sama, inda ba mai takawa." Ta sake duban bangon. "Kabarinsa yana inda ba zan iya zuwa ba. Gida babu. Ranar da muka fito daga Miskine ko hula ta biyu bai ɗauka ba, wannan ya saƙala a hammata. Yanzu kai ka kawo min rago."

Na sauke buzun, na naɗe shi a zanin da ya zo a ciki, na tsayar da moto.

A rumfa na zazzage kwandon a ƙasa. Guntaye ne na shekaru, na akuya, na saniya, na barewa, duk sun cakuɗe da ƙura. Na sami na dama, mai karkatar, ya ɗan lanƙwashe amma lafiyarsa lau. Na hagu na nema har na gaji, sannan na ga ragowarsa, ɗan siriri kamar igiyar takalmi, da sawun rezata a jiki. Sai na tuna da gwankin. Ƙafar hagun mijin yayata tana wata ƙasa mai sanyi, a bayan fatar dabbar da mai ita bai harba ba, tana riƙe masa da zobba. Mutumin nan ya yi shekaru yana toshe hanci a bakin lunguna, amma bai taɓa yi min ko rabin abin da na yi masa ba.

Na farke shafin ta ƙasa, na cire mahon dama, na jiƙa guntun na miƙar da shi, na mayar da shi gurbinsa. Ya ɗan tsuke, kuma ba gashin da zai rufe ɗinki, don haka zaren ya fito fili zagaye da ƙafar. Mummunan aiki ne. Da a hannun masu kol na gan shi, da na daɗe ina ba da labari a wurin mai shayi.

A kan na hagu sai dabara ta zo min, irin tamu ta masu sana'a. In aske mahon, in goge shi da dutse da mai da ɗan toka har ya yi baƙi ya yi sulɓi. Na iya, kuma ba baƙon da zai gane. Har na ɗauki reza. Sai na ajiye ta, na rufe rumfa, na koma Kokoro in tambaya.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsinke ganyen rogo a tire. Na tsuguna a gabanta na gaya mata inda ƙafar hagu take, ban rage komai ba, sannan na faɗi dabarar.

"In ka aske ta zama ƙafar wa?"

"Za ta yi kama, Yaya."

"In kama nake so, akwai hotonsa a wayar ɗana. Bar gashin yadda yake. Kawo min ta daman."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ya sha cewa zai je Turai, Allah bai nufa ba." Ban san ko dariya ake so in yi ba, ban dai yi ba.

Buzun yana bangon har yau, ƙafa ɗaya a karkace da ɗinki a fili, gefenta kuma gashi ne lif. Ta sa na sauko da katakon ƙasa kaɗan, yadda hannunta zai kai wurin tana zaune. Ragowar ta hagun na tura ta cikin kafar da na bari a ƙasan shafi, tana nan tare da kafur. Bencin mahaifina kuma na kwashe gishirin da ke kansa, ko da yake yawancin waɗanda ke zama a kai ba su da abin faɗa da ya wuce girman bangon falonsu.

Duk farkon damina nakan je in canja kafur. Ɗan har yanzu Tonto yake ce min, furen robar ma yana nan a kan tebur, kuma in na gan shi tsaki bai fasa taso min ba, haɗiyewa dai nake yi. In an yi baƙi ina wurin sukan tambayi wanda ya yi aikin buzun. Yaya takan nuna ni da haɓa ta ce, "Ga shi nan zaune. Ba a koya masa fata."